AKURKI DA FARFAJIYAR KAJI A ƘASAR KURA DA BUNKURE

Da wuya mutum ya shiga gida a ƙauyukan ƙasar Kano ya rasa kaza, ko da guda ɗaya ce. Ita a ke yanka wa baƙo, ita ce kuɗin magani ran da yaro ya kwanta, ita kuma a kan kai kasuwa in wata ya yi nisa. Amma duk da wannan amfani nata, babu abin kiwon da a ke sakaci da shi kamarta. Doki yana da barga, akuya tana da turke, kaza kuwa sai a bar ta ta kwana a gindin rumbu, da safe ta fita neman abin da Allah ya hore mata. In shirwa ta ɗauke tsako a ce tsautsayi ne, in annoba ta share gida a ce shekara ce.

Muna so mu yi magana da malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e na dā, musamman mazauna Kura da Bunkure da Garun Malam. Mutanen gari su kan dubi gidan malami su kwaikwaya. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana muku yadda a ke gina akurki mai farfajiya, watau ɗakin kwanan kaji haɗe da fili mai shinge inda za su wuni, da kuma dalilin da ya sa wannan ƙasa ta fi waɗansu bukatarsa.

ABIN DA RUWA YA SAUYA

A zamanin dā, da an kawar da amfanin gona da kaka sai daji ya zama na kowa. Kaji su fita su yi ta kala har damina ta kewayo, ba wanda zai ce sun yi masa ɓarna. Wannan al'ada ta dace da ƙasar da a ke noma sau ɗaya a shekara.

To, a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Daga nan aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa da kewaye, aka tsara kashi na farko na aikin ya ci wajen hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Tun daga lokacin nan gona ta daina hutu a wannan yanki. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa da masara. Babu watan da za a saki kaza a ce ba za ta taɓa shukar wani ba.

Abu uku ne suka biyo bayan wannan. Na farko husuma. Kaza guda tana iya tone gadon renon tumatir kafin hantsi, aikin mako uku ya tafi a banza, maƙwabta su wayi gari ba sa ga maciji da juna. Na biyu guba. Irin shuka da yawa a kan cuɗa shi da magani, a kan yi feshi a gonaki, a kan kuma ajiye maganin ɓera a bakin kunya. Kaza ba ta san wannan ba, tsattsaga kawai ta ke yi. Na uku kuwa, ruwa ya kan tara tsuntsayen daji, irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da belbela, ya kuma tara guza da macizai da ɓeraye. Waɗansu cuta su ke kawowa, waɗansu ƙwai da 'yan tsaki su ke nema.

CUTUTTUKA BIYU

Annobar da ta fi kashe kajin gida ita ce wadda likitocin dabbobi su ke kira Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gan ta a 1926. Ta fi tsanani da hunturu. Kaza ta takure, fikafikai su saki, ta yi zawo kore-kore, numfashi ya gagara, wata wuyanta ya murɗe. In ta shiga garin da ba a yi rigakafi ba, cikin 'yan kwanaki sai a nemi carar zakara a rasa. Ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi.

Ta biyu murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji a Jaji cikin Jihar Kaduna, shi ne kuwa karo na farko da aka tabbatar da wannan mugun iri nata a kajin Afirka. Ba a jima ba aka same ta a Kano. Ta sake ɓulla a Kano a farkon 2015. Tsuntsayen ruwa na daji su kan ɗauke ta ba tare da sun nuna alama ba, su zubar da ita cikin kashinsu a bakin ruwa. Kazar da ta ke sha a magudana ɗaya da su, ai ta sa kanta a hanya. Cutar nan kuma tana iya kama mutum in ya yi ta'ammali da tsuntsu marar lafiya.

Shinge kaɗai ba ya hana cuta duka, kada mu ruɗe ku. Amma wanda kajinsa su ke wuri ɗaya ya san abin da suka ci, ya san inda suka sha, kuma ran da mai rigakafi ya zo ba sai an bi su da gudu cikin unguwa ba.

ZAƁEN WURI DA AWO

Kafin a sa fartanya, sai maigida ya yi shawara da uwargida, domin a yawancin gidaje kajin nata ne, ita ce kuma za ta riƙa duba su sa'ad da shi ya ke ofis ko aji. Wurin da ba ta iya kaiwa cikin sauƙi bai yi ba, kome kyaunsa.

A nemi wuri mafi tudu a cikin gida, inda ruwa ba ya kwanciya a watan Agusta. Wannan ya fi muhimmanci a ƙasar ban ruwa, domin a unguwannin da ke kusa da gonaki ruwan ƙasa ya matso sama, laima tana hawa bango. A nisanta shi da rijiya da madafa. In akwai inuwar darbejiya ko mangwaro, madalla.

Ga awon da ya isa kaji 12, watau zakara 1 da mata 11. Ɗakin kwana ya zama ƙafa 8 a ƙafa 6 daga ciki. Farfajiya ta zama faɗin ƙafa 8, tsawon ƙafa 15, a manne da ɗakin. Duka aikin ke nan ya ci ƙafa 8 a ƙafa 21, ban da kaurin bango. In aka lissafa, kowace kaza ta sami murabba'in ƙafa 4 a ɗaki, da 10 a waje. Wanda ya cusa kaji 30 a wannan wuri zai ga sun fara figar juna suna shan ƙwai, cuta kuma ta sami wurin zama.

A miƙe ginin daga gabas zuwa yamma, ɗakin kwana yana gabas. Magina na gargajiya sun san hadari da iskar damina daga gabas su ke bugowa, shi ya sa bangon gabas zai zama rufaffe ba taga. Tagogi kuwa kudu da arewa za su duba.

GININ ƊAKI

A fara da cika ƙasa, a ɗaga daɓen ɗaki ƙafa 1 bisa ƙasar tsakar gida. Mai hali ya zuba siminti, domin ɓera ba ya huda shi, wankewa kuma ba wuya. Marar hali ya yi daɓe mai ƙarfi da tsakuwa, a buge shi sosai.

Bango na tubali ko na bulo duk ya yi, amma jeri biyu na ƙasa gara su zama bulo na siminti saboda laima. Bangon gabas ya kai ƙafa 6, na yamma ƙafa 7, don rufi ya gangara baya, ruwan sama ya zuba waje ba cikin farfajiya ba. Bangon kudu da na arewa a gina su ƙafa 3 kawai, sauran zuwa sama a rufe da waya mai raga. Kaza ba ta gumi, da baki ta ke fitar da zafi, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin ƙasar Kano ya kan kai awo 40 ko ya wuce. Ɗakin da iska ba ta ratsa shi tanda ne. Da hunturu kuwa sai a rataya buhu ko tabarma a tagar arewa da dare, a ɗage da hantsi. Kada a toshe tagogin duka biyu, domin warin kashi ya kan taru ya ɓata musu numfashi.

A yi wa bango yaɓe sumul ciki da waje, a shafe shi da farar ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ƙuma da kaskar kaji. A tsaga su ke ɓuya da rana, da dare su fito su sha jini, kaza ta rame ta daina ƙwai maigida bai san dalili ba.

Rufin kwano ya fi daɗewa, amma yana da zafi. Maganinsa a shimfiɗa zana ko karan dawa a bisansa, a ɗaure da kyau. Bakin rufi ya zarce bango da kamar ƙafa 2 don feshin ruwa. A toshe ratar da ke tsakanin kwano da kan bango, nan ce ƙofar ɓera da maciji. Katako da azara duka a shafe su da baƙin mai saboda gara, a bari su bushe kafin a sa kaji.

Ƙofa biyu a ke bukata a bangon yamma. Babba wadda mutum zai shiga ya share, da ƙarama ta kaji, inci 12 a inci 14, mai marfin da a ke rufewa da magariba. A sa wa babbar sakata da kwaɗo, gama ba muzuru kaɗai ke son kaza ba.

KAYAN CIKI

Kaza tsuntsuwa ce, a bisa ta ke son kwana. A gitta sanduna 2 masu tsawon ƙafa 6, kaurinsu kamar ƙotar fartanya, a tsayin ƙafa 2 daga ƙasa, da tazarar fiye da ƙafa 1 tsakaninsu. Dukansu su zama tsayi ɗaya, in ba haka ba kowace za ta so na sama, a kwana ana faɗa.

Wurin ƙwai guda 3 ya isa, watau ɗaya ga kaji 4. Akwati mai inci 12 kowane gefe ya yi, tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya ma sun yi. A ajiye su a kusurwa mai duhu, ƙasa da sandunan kwana, a zuba busasshiyar ciyawa a ciki. Kazar da ta yi kwanci a ware mata nata wuri, don kada sauran su riƙa ƙara mata sabon ƙwai. Kwana 21 ta ke yi ta ƙyanƙyashe. In ƙwan zabi aka sa mata, sai ta yi wajen 28.

A nan mutanen Kura suka fi kowa sa'a. Garin ya shahara da gyaran shinkafa, ɓuntu kuwa tuli-tuli ya ke a bayan injuna. A shimfiɗa busasshen ɓuntu kaurin inci 3 ko 4 a daɓen ɗaki. Yana tsotse danshin kashi, yana rage wari. A riƙa motsa shi kowane mako, a kwashe inda ya jiƙe nan da nan, a sauya shi duka bayan wata 3.

FARFAJIYA

A kafa ginshiƙai masu tsawon ƙafa 8, a binne ƙafa 2, ƙafa 6 ta rage a sama don mutum ya shiga ba sunkuyo. A sa tazarar ƙafa 5 tsakaninsu, ke nan 4 a kudu, 4 a arewa, a ƙara ɗaya ko biyu don ƙofa. Azara ta fi jimirin gara, bututun ƙarfe kuma ya fi ta in akwai hali.

A haƙa ɗan rami ƙafa 1 a kewaye, a jera bulo daga cikinsa har jeri ɗaya ya fito bisa ƙasa, sa'an nan a kama gindin waya a jikinsa. Amfanin wannan biyu ne: gafiya da tunku ba za su haƙo ta ƙasa ba, waya kuma ba za ta taɓa danshi ta yi tsatsa da wuri ba. Ƙafa 3 na ƙasa a sa waya mai ƙananan idanu, rabin inci, wadda tsako ba zai fita ba, ɓera ba zai shiga ba. Daga nan zuwa sama mai ido inci 1 ta isa. Akwai wata siririyar waya mai araha a kasuwa wadda kare ya kan yaga da haƙori. Araha ba ta ado.

Wajibi ne a rufe saman farfajiya. Shinge marar rufi ya tsare kaza ne kawai ya ajiye wa shaho. Rabin da ke kusa da ɗaki a rufe shi da zana ko kwano don inuwa, ya kuma kare bangon yamma daga ranar la'asar. Sauran a ja masa waya ko raga, hasken rana ya shiga. A ƙarƙashin inuwar nan za a ajiye abinci da ruwa, inda kashin tsuntsun daji ba zai faɗa ciki ba.

A zuba yashi a ƙasan farfajiya, a karkata shi kaɗan don ruwa ya fice. A kusurwa guda a ajiye tsohon baho cike da toka da rairayi. Nan kaji za su riƙa birgima, shi ne wankansu, yana kuwa rage musu ƙwarƙwata.

WANDA YA TSARE, SHI ZAI CIYAR

Ga gaskiyar da ba za mu ɓoye ba. Ran da ka rufe kaza, ran nan cinta da shanta suka hau wuyanka. Wanda ya gina akurki ya riƙa watsa musu dusa tafi ɗaya, gara ma ya bar su suna yawo. Babbar kaza mai ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a yini, ke nan kaji 12 sun tasam ma kilo ɗaya da rabi. Sai mutum ya yi wannan lissafi da albashinsa tun bai sayi bulo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Fiye da rabin abincin ya zama tsakin masara ko dawa ko gero ko karyayyar shinkafa. A haɗa da dusa, da dakakken ƙuli-ƙuli ko soyayyen waken suya. Ɗanyen waken suya ba ya karɓar kaza. A ba su ƙonannen ƙashi dakakke, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka niƙa, don ɓawon ƙwansu ya yi ƙarfi. A rataya musu ganyen zogale ko alayyafo ko ragowar latas da kabeji, amma ba daga gonar da aka yi wa feshi kwanan nan ba. Gara da a ke haƙo wa 'yan tsaki tun zamanin kakanni abinci ce mai kyau ƙwarai. Hatsin da ya yi fumfuna kada a ba su, yana lalata hanta.

Ruwa kuwa daga rijiya ko famfo, irin wanda mutanen gida su ke sha. Kada a ɗebo musu na magudana. Kaza guda tana shan kamar rubu'in lita a yini, da bazara ta kan ninka. A wanke mazubi kullum.

Kazar gida ta kan yi ƙwai kamar 40 zuwa 60 a shekara, saboda kwanci da reno suna cin lokacinta. Akwai irin da aka inganta, kamar Shika Brown ta Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Noiler wadda a ke kiwo don nama da ƙwai. Waɗannan sun fi ƙwai nesa, amma sun fi ci, sun kuma fi son kulawa. Shawararmu mutum ya fara da na gida har hannunsa ya faɗa.

RIGAKAFI DA TSABTA

Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin Niyukasil. Cikinsu akwai wanda a ke kira I-2, wanda aka fara samarwa a Ostareliya don kajin ƙauye, domin ya fi sauran jimirin zafi. Ɗigo ɗaya a ke sa wa a idon kowace kaza, a maimaita bayan wata 3 ko 4. A tabbata an yi ɗaya a watan Oktoba, kafin hunturu ya sauka. Kwalba guda ta fi ƙarfin gida ɗaya, saboda haka gara maƙwabta su haɗu su kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma rana guda. Wannan aiki ne da akawu ko malamin makaranta zai iya shiryawa, ya riƙe littafin kwanan wata.

Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. Kazar da a ke karyar da kuɗinta da hunturu, a tambayi dalili. Agwagi a yi musu nasu wuri dabam. A ajiye takalmi guda a ƙofar farfajiya, wanda ba a zuwa gona ko kasuwa da shi. Yaran da suka ɗebo ƙwai su wanke hannu da sabulu. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi. Jefa mushe cikin magudana zalunci ne ga duk garuruwan da ke ƙasa da ku. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da ma'aikatan dabbobi nan take.

RIBAR DA BA A ƘIRGAWA

Ɓuntun da aka kwashe daga ɗaki haɗe da kashin kaji taki ne mai ƙarfi. A tara shi wuri ɗaya, a yayyafa ruwa, a bar shi ya ruɓe wata 2 ko 3, domin ɗanyensa yana ƙona shuka. Duk mai noman tumatir da albasa ya san tsadar takin zamani. Shinkafa ta ba kaza shimfiɗa da tsaki, kaza ta mayar wa gona da taki, ba abin da ya zube.

Ga malamai kuma, akurki darasi ne. Yara su auna fili da kansu, su fitar da murabba'i, su ƙirga bulo, su rubuta ƙwan kowace rana da abincin da aka ci, a ƙarshen wata su gano riba ko faɗuwa. Yaron da ya koyi wannan a makaranta zai kai shi gida.

Mutanenmu su kan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, gaskiya ne kuwa in akurkin na kara ne wanda muzuru zai ture. Amma kazar da ke cikin ginin kirki, ta ƙoshi, an yi mata rigakafi, ita ce za ta ba da ƙwan gobe da na jibi. Lokacin gini shi ne rani, sa'ad da tubali ke bushewa. Wanda ba shi da halin yin duka gaba ɗaya ya fara da ɗakin kwana a wannan wata, ya sayi waya a wata mai zuwa, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa albarka a abin da mu ke kiwo, amin.